Tauraron da Na Harbo da Bakina

Ba na jin zan taɓa mantawa da damunar da na sa mutanen garinmu suka yi asarar iri.

A ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, ni ne mai kawo labarin rediyo majalisa. Tsarina ɗaya ne: in saurara, in tantance, sannan in faɗa. Wata safiya na ji ana hira a kan wata babbar ƙasa da ta harbo tauraron ɗan'adam da makami mai linzami, tarkacensa yana ta yawo a sama, har ana kiran a yi yarjejeniyar hana kai makamai can. Ban ji ƙarshen shirin ba (akuyata ce ta tsinke, na bi ta).

A makon aka yi ruwan fari. Malamin gona ya zo ya ce hasashen da ake samu ta tauraro ya nuna ruwa zai ɗauke, a dakata da shuka. Na miƙe na gyara hula.

"Malam, na farko, an harbo tauraron. Na biyu, abin da aka harbo ba ya gani. Na uku, gobe kowa ya fita shuka."

Ya ce, "Baba, ai taurarin da yawa suke."

Na ce, "Kai ka ji rediyo ko ni?"

Aka bi tawa. Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus.

Ranar ɗaurin auren ɗan Malam Sule maƙwabcina, ana zaune ana jiran liman, sai Malam Sule ya sa hannu a aljihu ya ciro busasshen tsiro, ya ajiye a kan tabarmata. Irinsa na ƙarshe ke nan ya shuka.

Ya ce, "Yaya, rannan ka tsaya a na uku. Ga na huɗu."

Ba wanda ya yi dariya (da an yi, da ya fi mini sauƙi). Malamin gona ya sunkuyo ya raɗa mini cewa wanda aka harbo tsohon tauraro ne da ya daina aiki, na ƙasar da ta harbe shi, kuma tun tuni aka yi abin.

Da aka shafa fatiha na wuce gida, na buɗe rumbu, na raba irin da ya rage mini biyu, na kai wa Malam Sule rabi.

Har yau ina fatan a sa hannu a yarjejeniyar nan, don na ga abin da tauraro ɗaya ya yi mana tun ba a taɓa namu mai hasashen ruwa ba. Tsarina kuwa na ƙara masa mataki a gaba: in ɗaure akuya, sannan in kunna rediyo.