Jinjirin Wata a Girar Shugaba

Duk faɗin jihar Wyoming babu maharbi kamar Shugaba Delbert Pruitt. Mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Shekara uku ke nan da ya bar tallan inshora a Denver ya sauko garinmu, ya sayi fili da ƙatuwar malafa, kuma tun daga ranar muke ƙaruwa da iliminsa. Mu da aka haifa cikin tumaki, ashe ba mu san dila ba. Mun dai san yana cin 'yan raguna. Amma nauyin harsashin da ya dace da shi, da yadda iska ke karkatar da harbi, sai da Allah ya jefo mana Delbert. Shi ya kafa Kwamitin Yaƙi da Dila, shi ya rubuta dokokinsa, aka yi zaɓe ya lashe ba hamayya. Muka laƙaba masa Sarkin Baka, ya ji daɗi har ya sa aka ɗinka masa sunan a riga.

Gaskiya ne bai taɓa kashe dila ba tukuna. Wannan kuwa, in ji shi, don yana jiran kayan aikin da suka kai matsayinsa ne.

Fadarsa ita ce kantin Lyle, inda ake sayar da dusar dabbobi a gaba, bindigogi a baya, gahawa kyauta a tsakiya. A nan Maite Etchart ta same shi wata safiya a lokacin haihuwar tumaki. Maite ta haura sittin, mijinta na kwance da ciwon baya, tumakinta tamanin, kuma 'yan ragunan da za ta sayar da kaka su ne cinsu da shansu na shekara. Wani dila ya ɗauke mata huɗu cikin mako ɗaya. Ta zo da dala ɗari huɗu, ta ce wa Lyle ya ba ta abin da zai yi aiki. Lyle ya sauko da wata tsohuwar doguwar bindiga, ƙotarta duk ta goge, da ɗan madubin saiti mai kusanto da abu ninki huɗu.

Shugaba ya ajiye kofinsa.

"Madam Etchart, araha ba ta ado. Wannan ai sandar kiwo ce aka huda. Madubina yana hanya, ninki talatin yake kusantowa. Daga nan inda nake tsaye zan ƙirga miki gashin bakin dila a kan wancan tudun. Mayar da kuɗinki jaka, Kwamiti ya karɓi maganarki."

A wajenmu ba a gwale maƙwabci idan ya yi tayin taimako, balle a gaban mutane. Maite ta dubi bindigar, ta dubi Shugaba, ta mayar da kuɗinta jaka.

Mako uku madubin ya yi a hanya, kuma kada wani ya ce Kwamiti ya yi barci. An yi taro biyu. An zana taswirar gonar Maite da launi uku. Shugaba da kansa ya je ya auna ƙarfin iska, ya ɗauki hoton abin da ya rage na wani ɗan rago, ya bayyana wa Maite cewa wannan aikin dila ne. Shi kuwa dila, da yake ba a gayyace shi taron ba, ya ci gaba da sana'arsa, ya ƙara tara a kan huɗun.

Da madubin ya iso, sai ga shi ya kusa kai tsawon damtse. Lyle ya ɗaura masa shi a kan bindigarsa ta dala dubu shida, ya ce, "Delbert, ka fita bayan gari ka gwada a jikin kwali tukuna, ka ga ko madubin da bindigar bakinsu ɗaya."

"Abin da injiniyoyi suka saita, Lyle, ba ya buƙatar gyaran mai sayar da dusa."

Da hantsi ya isa gonar, sanye da kaya masu launin ciyawa tun daga hula har safa, yana ƙamshin turaren aski. Ya shimfiɗa tabarma ta musamman kusa da garke, ya kafa wa bindiga ƙafafu, ya murɗa madubi har ƙarshe, ya auna wani tudu mai nisan taku ɗari shida, don taswira ta ce ta can abokin gaba zai ɓullo. Ya kunna wata na'ura mai kukan zomo. Maite tana tsaye a jikin shinge.

Dila bai karanta taswirar ba. Ta kwalbatin ban-ruwa ya fito, ya tsaya taku ashirin daga Shugaba yana kallonsa.

"Ga shi nan, Delbert," in ji Maite a hankali.

"Ina?"

"Gabanka. Miƙa hannu ka shafa shi."

Shugaba ya juyo da bindiga. Madubin da aka yi don ƙirga gashin baki daga nesa ya nuna masa abin da ya iya, wato wani toka-toka mai cika ido, ba kai ba wutsiya. Ya matsa don ya gani da kyau, ya ƙara matsawa, har ya manna girarsa a bakin ƙarfen. Duk wanda ya tashi a nan ya san ana barin tazarar yatsu uku tsakanin ido da madubi, don bindiga tana harbi gaba, tana shuri baya. Shugaba ya ja kunama.

Harsashi ya samu tankin ruwan tumaki, a tsakiya sosai, kuma a wannan dole a yaba masa. Madubi ya samu Shugaba. Dila ya bi garken da ya watse, ya ɗauki na goma sha huɗu, ya tafi ba gaggawa.

A nan dariya ta ƙare mini, takaici ya maye gurbinta. Matar nan ta bar ruwan tankinta na tsiyaya, wata tunkiya na zagaye shinge tana neman ɗanta, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa kai, ta sa shi a a-kori-kura ta kai shi ɗinki. Washegari ta je ta sayi sandar kiwon nan ta Lyle. Ta kafa kwali a taku ɗari, ta yini tana harbi tana murɗa madubi kaɗan-kaɗan, har harsashi ya riƙa zuwa inda ido ya aike shi. Kwana uku bayan nan dila ya daina zuwa, kuma ba don ya tuba ba.

Ranar Talata Shugaba ya buɗe taro da ɗinki bakwai a gira, a lanƙwashe tsaf kamar jinjirin wata, daidai faɗin bakin madubinsa.

"'Yan uwa, Kwamiti ya kawar da dilan gonar Etchart. Ba a banza ba, kamar yadda kuke gani. Dabbar ta yi tsalle ta nufi maƙogwarona, na kauce, farcenta ya same ni a nan."

Rabin mazan ɗakin suna da irin wannan tabon, sun samo shi tun suna shekara goma sha biyu, sun kuma sha dariya a kansa. Wani tsoho, Gunnar, ya shafa nasa yana duban rufi.

Maite ta miƙe ta ɗauki buhun dusarta. "Shugaba, in ka gama da ɗankwalina ina so. Tankin kuma ba sauri, na toshe shi da tsumma."

Kada dai a raina bindigar Shugaba, domin ta zubar da jini, muna da shaida. Kai ɗaya ta taɓa samu tun da aka saye ta, kuma yana nan cikin malafa, yana jagorantar taro duk Talata.