Rijiyar da Rumbu Ya Ƙi Karɓa

"Lafiya lau, sai zafi. Ina gajiya, angon da ba ya cefane?"

"Ba gajiya, amaryar da ba ta girki. Yau ma da farantin naki kika zo?"

Farantin da Malam Sama'ilu yake nufi kwamfutar jikarsa Rahamatu ce, ma'aikaciyar safiyo. Sati biyu tana bin sa a dajin Roni, yana nuna mata burtali da mashaya, tana ɗiga su a manhajar taswira. Tsohon nan bai san lambar wayarsa ba, amma ya san kowace hanyar shanu. Saura ta haɗa kwamfutar da rumbun bayanai na ofis, inda duk ma'aikata ke zuba aikinsu. Da la'asar za a rufe, kuma abin da bai shiga ba, masu shata gonaki za su bi ta kansa. Suka hau dutsen bayan gida, don nan kaɗai sabis ke kamawa.

"Me kike ƙwanƙwasawa?"

"Adireshin rumbun, da lambar ƙofarsa, da sunana, da kalmar sirri."

"Mutum nawa ke shiga?"

"Talatin."

"Wannan ai kasuwa ce, ba rumbu ba."

"Naka da kai kaɗai kake shiga, ban da ɓera wa ya taɓa ƙoshi a ciki?"

"Ɓeran ai ga shi a gabana, har da gyale. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Wane rimi? Ni ta tauraron ɗan'adam nake hange. Ka gani, ya buɗe."

Wurare arba'in suka shige ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya dawo da jan rubutu.

"Kaka, ya ƙi tsohuwar rijiyar bakin burtali. Ba ya karɓar wuri marar suna."

"Ce masa rijiya."

"Rijiya tara ka nuna mini, kowacce da sunanta, har da ta Daudu Gurgu. Muna zuwa wannan ka hau tari."

"Goro ne ya shaƙe ni."

"Da wane haƙorin ka tauna? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tsoho. In ba ta shiga ba, baɗi gero za a shuka a kanta."

Malam Sama'ilu ya juya ya dubi wajen bakin burtali. Shekarar da suka sauka a nan, matarsa ce ta kafe sai an haƙa rijiyar, aka kuma riƙa kiranta da sunanta. Waɗanda suka san haka duk sun kwanta dama. Shi kuwa, da kunyarsa ta Fulani, bai taɓa furta sunan matar ba, tana raye ko bayan ranta. Rahamatu sunan kakar ta ci, shi ya sa ita ma bai taɓa kiranta da shi ba. Abin da ban tausayi.

Ya ɗauki tsakuwa yana juyawa a hannu.

"Ɗazu wane suna kika faɗa wa mai gadin rumbun?"

"Nawa mana."

"To, ara wa rijiyar."

Ta dube shi, ya kawar da kai yana kallon shanun da ba su nan. Sai a lokacin ta gane. Ta rubuta Rijiyar Rahamatu, ta danna. Rumbu ya karɓa.

"Shekara ashirin da shida ina cewa rowar suna kake mini," ta ce, tana goge ido da bakin gyale.

"Rowa ce. Ke dai ba ki kai ta iya dama fura ba." Ya matso ya leƙa shuɗin ɗigon rijiyar a taswira. "Duk su talatin ɗin za su gan ta?"

"Har waɗanda za a ɗauka aiki bayan mu."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ɓare goro, ya miƙa mata babban ɓarin, abin da bai taɓa yi ba.

"Ungo, kin ci ni. Amma ki gaya musu, duk wanda zai buɗe wurin nan ya yi sallama."