Ranar da Na Lashi Kwandensa

Ba za ni taɓa mantawa da safiyar da ɗiyata Hadiza ta gayyace ni ajinta a Isa ba. Tana koyon aikin malanta, kuma ranar ce mai duba malamai zai ba ta maki. Makarantar ba ta da kayan gwaji, ni kuwa na tsufa ina gyaran rediyo a kasuwar Bafarawa (aji huɗu na yi a firamare, amma a rumfata farfesa nake).

Na zo da batirin babur, mitar auna wuta, rezisto mai rage gudun wuta, na ohm dubu goma, da kwandensa, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, wadda lambarta ta goge. Hadiza ta ce wa ɗalibai su ƙirga daƙiƙun da allurar mita za ta ɗauka ta kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin batir, su raba da rezisto, su samu girman kwandensar.

Aka haɗa. Allura ta yi tsalle ta kai ƙarshe nan take. Babu abin ƙirgawa. Mai duba ya fara rubutu.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, “Ai na faɗa maki, lissafin takarda ba ya aiki. Abin ga matacce ne.”

“Baba, kada ka...”

Na riga na ɗora ƙafafun kwandensar a halshena, yadda muke gwada ƙaramin batir. Wuta ta tsarge ni har kunne. Na yi ihu, hulata ta faɗi, aji ya tuntsure da dariya. Sai a lokacin na tuna: ni da kaina na cika ta da batir a gida, don in tabbata tana aiki.

Hadiza ko murmushi ba ta yi ba. “Kun gani? Baba ya nuna muna cike take. Mi za mu fara yi?”

“A sauke wutar!” in ji ɗalibai.

Na haɗa ƙafafun da sukudireba, kaina a sunkuye. Aka sake. Allura ta hau a hankali: daƙiƙa goma, ɗalibai suka raba, girman kwandensar ya fito maikurofarad dubu. Mai duba ya tambaya ko tare muka shirya darasin. Hadiza ta ci jarrabawarta.

A hanya na nemi gafararta. Ta ce ta yafe, amma in riƙa sauke wuta kafin gwaji. Na ƙara da nawa: halshen ma yana bukatar haka.