Kanel Ɗaya Ga Dukan Daji

A wani daji da ke bayan wani tafki mai yawan kainuwa, babu gidan dabbar da babu kwamfuta. Ba rana ɗaya aka saye su ba, ba kuma wuri ɗaya ba. Wata gado ce, wata jiya aka fito da ita daga kwali. Kowace da irin ƙwaƙwalwar da ke cikinta, wadda masu gyara ke kira furosesa, kuma furosesan nan dangi-dangi ne kamar su dabbobin. Akwai umarnin da sabon dangi ke ganewa wanda tsohon dangi bai taɓa ji ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani abu da ake kira kanel. Shi ne ƙwayar babbar manhaja, shi ke magana da furosesa baki da baki, ya ce mata yi kaza, bar kaza. In ya ba ta umarnin da ba ta sani ba, ba ta gardama, ba ta tambaya. Tsayawa take yi cak. Shi ya sa kafin a haɗa kanel sai an zauna an saita shi, a gaya masa dangin da zai yi wa aiki da kayan da zai tarar a gidan.

To, dajin nan yana da majalisa, majalisar kuma tana da wata al'ada da take ji da ita fiye da komai: ba a cewa a'a a zaurenta. Rashin tarbiyya ne. In ba ka yarda da magana ba, sai ka ce "za a duba", ko ka ce "Allah ya kai mu", ko ka yi tari. A haka suka daɗe suna zaune lafiya, ko da yake ba a cika gama komai ba.

Rigimar ta taso ne ranar da Zaki, shugaban majalisa, ya sayo sabuwar kwamfuta, tsohon kanel kuma bai san furosesarta ba. Matsalar gidansa ce shi kaɗai. Amma aka ce bai dace Shugaba ya sake abu shi kaɗai jama'a na kallo ba, don haka aka kira taro, aka kira Dila Malam Cindo, wanda shi ke haɗa wa kowa kanel, ya zo da kayan aikinsa.

A can bayan zaure Zabuwa Kyallu na zaune, rabin hankalinta na gida. Kwamfutarta 'yar ƙarama ce, tsohuwa tukuf, aikinta guda ɗaya tak: kula da ɗumin ɗakin ƙyanƙyasa. A ɗakin akwai ƙwan bana gaba ɗaya, nata da na ƙannenta, kuma sun yi nisa, ƙiris ya rage su fashe. In ɗumin ya ɗauke aka daɗe, shi ke nan, babu 'yan zabi a dajin sai baɗi.

Malam Cindo ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ta farko da saitin nan ke yi ita ce: wane dangin furosesa? Amsa ɗaya yake karɓa. Hanya uku ce. Ko dai a haɗa wa kowane dangi nasa, wanda shi ne abin da aka saba. Ko a zaɓi tsohon dangi, ya tashi a kan kowace kwamfuta, sai dai ta Shugaba za ta ɗan rage gudu, kaɗan ne, ba zai ma lura ba. Ko kuma a zaɓi sabon dangi, wanda tsofaffin kwamfutoci ba sa jin maganarsa. Na faɗa, Allah shi ne shaida."

Kura Tabawa, mai tsawatarwar majalisa, ta miƙe tun bai rufe baki ba.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Kowa da nasa! Yau kowa da kanel ɗinsa, gobe kowa da tafkinsa, jibi kowa da shugabansa. Haka ake fara raba daji, a hankali, da sunan gyara. Ta biyun kuma ni kunyar maimaita ta nake ji. A rage wa Shugaba gudu, wai ba zai lura ba. To in shi bai lura ba, mu ba mu da ido ne? A sauko da Shugaba ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da Kunkuru? Gara a ɗaga Kunkuru ya kamo Shugaba. Abin da ake kira ci gaba ke nan. Kanel ɗaya, na sabon dangi, ga dukan daji!"

Aka yi tafi. Baba Kunkuru, wanda tsohuwar kwamfutarsa ce ke tayar da famfon unguwar ƙasa, ya yi tari. Kyallu ta ɗaga murya ta ce, "Malam, tawa fa? Za ta tashi?"

Malam Cindo ya dubi Zaki, ya dubi Kura, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Aka shiga sauran tambayoyin, masu yawa kamar ba za su ƙare ba. Kowace amsa uku take karɓa: e, ko a'a, ko a ajiye a gefe sai an nema. Ta biyu ba ta faɗuwa a zaure. Ta ukun kuma aka ce ta fi muni, don babu mai hankalin da zai ce wa kayan dattijo su jira a gefe.

"A sa sashen firinta irin ta gidan Kada?" in ji Malam Cindo.

Firintar Kada ta nutse a tafki tun bara waccan, kowa ya sani. Amma ga Kada zaune, baki buɗe. Aka ce e.

"A sa sashen na'urar auna dusar ƙanƙara?"

Babu wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a dajin. Raƙumin Dawa ya ce yana da niyyar tafiya wata rana. Aka ce e.

Haka aka yi ta yi har bakin Malam Cindo ya bushe. Kanel ya fito jibgege, ya san kowace na'ura da aka taɓa ƙerawa a duniya, ban da furosesar rabin jama'ar da ke zauren.

Da aka zo sakawa, Malam Cindo ya yi ƙarfin hali sau ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar tsohon kanel a gefe a kowace kwamfuta. In sabon ya ƙi, sai a koma."

Kura ta ce, "In ya ƙi? Wato kana zaune cikinmu kana zaton aikin majalisa zai ƙi? Duk wanda ya ajiye tsoho, bai yarda da sabo ba ke nan. A goge."

Aka goge. Aka kuma saka wa kowa da safiya ɗaya, don kada a ce an fifita wani.

Ta Zaki ta tashi, a yi mata adalci. Sai dai kafin ta tashi sai ta bi na'urorin nan da babu su ɗaya bayan ɗaya tana neman su, har shayin Shugaba ya huce. Majalisa ta ce wannan natsuwa ce irin ta manya. A unguwar ƙasa kuwa famfo ya yi shiru. A gidan Kyallu fuskar kwamfuta ta yi baƙi, ta rubuta layi ɗaya, ta tsaya. Injin ɗumi ya mutu.

Kyallu ta kashe ta kunna. Ta sake kashewa ta kunna. Ta ɗora ƙirjinta a kan ƙwan da ke bakin ƙofa, ta ji ya fara sanyi. Zabuwa ba gwanar kwanci ba ce, kuma ko da gwana ce, ƙwan ya fi ƙarfin fikafikan gidan duka. Ta tara ƙannenta ta ce su baje a kan abin da za su iya rufewa, kada wadda ta motsa ko da maciji ne ya shigo. Ita kuma ta zura da gudu sai zaure.

Ta tarar ana tattauna sunan da za a raɗa wa sabon kanel. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutata ta ƙi tashi. Ƙwai na sanyi yanzu haka da nake magana. A ba Malam izini ya haɗa mini na dangin tawa."

Zaki ya jinjina kai cikin tausayi. Ya ce, "Kyallu, kukanki ya iso inda ya kamata. Ba mu ɗauki ƙwan zabi da wasa ba, ni kaina shaida ne. Amma kanel ɗin nan na kowa ne, kuma abin kowa ba a taɓa shi don mutum ɗaya. Wataƙila kwamfutarki ba ta saba ba ne, a ba ta lokaci. Za mu naɗa kwamiti ya gano ko laifin na'urar ne, ko na ɗakin, ko na ƙwan. Za a duba." Sannan ya rufe da tambayar da ake rufe kowace ƙara da ita. "Kin gamsu?"

Tun da aka kafa majalisar, amsa ɗaya ake ba wannan tambaya.

Kyallu ta ce, "A'a."

Har Kada sai da ya rufe baki, abin da ba a taɓa gani ba.

"A'a, ranka ya daɗe, ban gamsu ba. Ƙwai ba ya jiran kwamiti. Ni ban san furosesa ba, ban san kanel ba, ban kuma nemi in sani ba. Abin da na sani, jiya ɗakina da ɗumi, yau babu, kuma ba ni na taɓa shi ba. Malam ya gaya muku a gabana ba zai yi ba, kuka yi tafi. Na tambaye shi, ya ce Allah ya kai mu. To ga shi Allah ya kawo mu! Yaya Tabawa, ke da kika ce a ɗaga mu, zo ki ɗaga mini ƙwan nan in gani. Dusar ƙanƙara kuka sa mini a kwamfuta, ni da nake neman zafi!"

Da a ce maganar ƙwai aka ci gaba da yi, da har yau ana yi. Amma wannan maganar ladabi ce, ita kuwa majalisa ba ta jinkiri a kanta.

Kura ta miƙe. "Ranka ya daɗe, in aka bar wannan, gobe Ɓera ma zai faɗa. Ni shawarata, a cire ta daga cikin alherin da aka yi wa kowa. Ba ta cancanci kanel ɗin haɗin kai ba. A ƙwace shi daga kwamfutarta yau ɗin nan, a maye mata da wani ɗan tsiraru na tsohon danginta, wanda bai san komai ba sai ɗakinta. Ta zauna da shi ita kaɗai, kowa ya wuce ya nuna ta."

Zaki ya ce, "Malam, ana iya haɗa abu mai ƙasƙanci haka?"

Malam Cindo ya sunkuyar da kai ƙasa sosai. "Ana iyawa, ranka ya daɗe, amma hukunci ne mai tsanani. Babu firinta, babu komai. Kuma kusan kowace tambaya sai an ce mata... kalmar nan. Ni bakina ba zai iya ba."

"Ita ta faɗa," in ji Kura, "tunda bakinta ya saba. A bainar jama'a."

Aka ɗunguma zuwa gidan Kyallu don a ga wulaƙancin da ido. Malam Cindo ya zaɓi tsohon dangi, ya shiga karanto tambayoyi, Kyallu na tsaye a ƙofa tana amsawa tun kafin ya kai ƙarshe.

"Sashen firintar..."

"A'a."

"Na'urar auna..."

"A'a! Malam, yi sauri don Allah."

"Injin ɗumi?"

"E. Shi kaɗai na aike ka."

Matan dawa suka riƙa toshe wa 'ya'yansu kunne. Kanel ya fito ɗan mitsitsi, abin tausayi. Aka saka. Kafin Malam Cindo ya ɗauke hannu kwamfuta ta tashi, injin ɗumi ya fara gurnani, ƙannen Kyallu suka sauka daga kan ƙwai ƙafafu a sanƙare. Majalisa ta koma zaure da gamsuwar cewa an hukunta mai laifi.

Ba duka aka tsira da su ba. Na bakin ƙofa da na jikin bango sun riga sun sha sanyi, suka zama baragurbi. Kyallu da kanta ta mirgina su waje ta binne a gindin ƙirya. Na tsakiya kuwa suka fashe a kan lokacinsu, gidan ya cika da kuka, har maƙwabta suka fara ƙorafi.

Ana cikin haka, wata safiya majalisa na zaune, sai ga Baba Kunkuru ya shigo. Unguwarsu ta gaji da ɗibar ruwa a tafkin Kada. Ya daɗe yana ratsa zauren, kowa na jiransa, har ya iso gaban Shugaba. Ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Sannan ya miƙa wuya ya ce, "A'a."

Zaki ya ce, "Baba, ai ba a tambaye ka komai ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri, tsufa ne. A'a dai. In da hali a yanke mini hukuncin kafin azahar."

Aka yanke masa. Bayansa Bushiya ta zo, sai Gafiya, sai Damo da 'yan gidansu, kowa ya durƙusa, ya faɗi kalmar, ya karɓi hukuncinsa ya yi godiya. Kura ta yi ta tsawa har muryarta ta dushe. Malam Cindo ya rame don aiki.

A taron ƙarshen shekara Shugaba ya sanar cewa kanel ɗin majalisa ya yi nasara ƙwarai, domin har yau babu wani mai ladabi da ya yi kuka da shi.