Rawanin Aro a Tsakiyar Kara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya tona mini asiri a tsakiyar kara, kasuwar shanun garinmu, ba. Ko ni na so in manta, mutanen Nguru ba za su bar ni ba.

Ni dillalin shanu ne, gadon gidanmu ke nan. Wajen ƙarshen mulkin soja aka turo mana sabon mai kula da kara, wani siririn mutum mai baƙin tabarau (ba zan faɗi sunansa ba, yanzu ya tsufa, har sahu ɗaya muke haɗawa a masallaci). Wata ranar kasuwa na zo shiga, sai mai gadi ya gitta mini sanda.

“Malam, Yallaɓai ya ce kada ka ƙara taka filin nan.”

“Laifin me?”

“An ce ka sayar da saniyar sata.”

“Wa ya ce?”

“An dai ce.”

Ka ji fa! Filin gwamnati, ba gonar uban kowa ba, wurin da na tashi ina riƙe wa mahaifina igiya, rana ɗaya an raba ni da shi da “an ce”. Ba a kira ni ba, ba a nuna mini mai saniya ba, ko wutsiyar saniyar ban gani ba. Na je ofishin Yallaɓai aka ce yana taro. Na koma aka ce ya yi tafiya. Na ce bari in gwada kasuwar Gashua, ashe labari ya riga ni sauka daga mota. Duk wanda na miƙa wa hannu sai ya ƙara damƙe igiyarsa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Jauro Buba, wani dattijon Bafulatani daga wajen Machina. Tun zamanin mahaifina ko maraƙi ba ya sayarwa sai ta hannunmu, ga shi ya aiko cewa yana tafe da bijimai. A sana’armu, dillalin da ya karɓi igiyar mutum sau ɗaya ya karɓe ta ke nan. Idan Jauro ya zo bai gan ni ba, ya kuma ji dalili, na rasa shi na rasa sunan gidanmu.

Mai hankali da sai ya tara dattawan dillalai ya ce a zauna. Ni kuwa sai na nufi gidan maƙwabcina Buzu na ari baƙin rawaninsa, irin mai shunin nan mai ƙyalli. Ya naɗa mini har karan hanci, ido kawai a waje. Matata Hajjo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, to tumbin fa? Ka taɓa ganin Buzu da tumbi?” Na ce ta yi harkar gabanta.

Na shige cikin wani garke na wuce ƙofa, mai gadi har da ɗaga mini hannu. Niyyata in raɗa wa Jauro ya same ni a waje, in sulale. Ina isa na tarar wani matashin dillali ya riƙe farin bijiminsa, wani Alhaji ɗan Kano yana taya shi tayin da ko karsana ba za a ba shi ba. Jauro yana ta waige-waige yana nemana. Da ya gaji, na ga ya buɗe baki zai ce ya sallama.

Wallahi ban san lokacin da na daki gadon bayan bijimin nan ba. “Albarka! Na ce albarka!”

(Muryata kuwa, ko a Gashua na ce albarka ana jiyowa har ƙauyen Katuzu.)

Kowa ya waiwayo. Wani ya ce, “La! Korarre ne!” Na juya zan arce, jelar rawani ta sarƙe a ƙahon bijimi. Ya fizgi kai, na shiga juyawa kamar mazari, rawani yana warwarewa har ya ƙare. Gumi ya riga ya jiƙa shuni, fuskata ta koma shuɗiya tun daga goshi har gemu. Dariyar da aka yi, har masu fura sai da suka bar ƙwaryarsu suka zo kallo.

Sai ga Yallaɓai. Ya ce a fitar da ni.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na zauna daɓas a ƙasa, cikin kashin shanu. Na ce, “Yallaɓai, ba inda za ni. Ɓarawon da aka kama da igiya a hannu ma alƙali yana jin ta bakinsa. A kawo mai saniya ya dube ni. In ya ce ni ne, ni da kara har abada.”

Jauro ya karɓe igiyarsa daga hannun matashin nan. Ya ce, “Ni ma shanuna ba na sayarwa ba ne sai an ji ta bakin yaron nan.” Sauran makiyaya suka fara janye nasu. Yallaɓai ya cire tabarau, ya ga kasuwa za ta watse a hannunsa, ya ce a nemo mai saniya. Ashe mutumin yana nan cikin kara, ɗan Jakusko ne, kowace kasuwa yana zuwa cigiya.

Mai saniya ya ƙare mini kallo ya ce, “Da wannan fuska ko ƙanina ba zan gane ba. A wanke shi.”

Aka wanke ni, jama’a, a gaban kowa, da ruwan da shanu ke sha. Ya sake dubana ya girgiza kai. “Ba shi ba ne. Wanda na hango yana jan saniyata dogo ne, kuma ba shi da tumbi.”

Tumbin da Hajjo ta ce zai tona ni, shi ya fitar da ni. Ranar ni na sayar wa Jauro bijiminsa, da sauran shuni a kunnuwana.

Darasin da na ɗauka shi ne, in an hana ka wurin da yake na kowa, ka tsaya a bakin ƙofa da fuskarka da hularka, ka ce a faɗi laifinka a kawo mai ƙara. Da na yi haka tun farko, da an ji ni ba tare da an yi mini wanka ba. Har gobe yaran dillalai “Buzu mai tumbi” suke kirana. Ina amsawa kuwa, amma daga cikin kara.