Yadda Na Mayar da Budurwata Kaka

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da nake aji huɗu a Gumel ba, lokacin da aka kawo mana malamar Ingilishi daga ƙasar Filifin. Madam Reyes sunanta, 'yar guntuwa, in ta tsaya bayan tebur sai ka leƙa kafin ka gan ta. Ni kuwa, ba yabon kai ba, daga Ɗanzomo har iyakar Maigatari babu mai Turancina. (Jakin gidanmu ma da Turanci nake kora shi, kuma yana ji.)

Wata rana ta raba mana gajeren labarin da wani ɗan ƙasarsu ya rubuta. Mutum ne ya bar ƙauyensu na bakin teku, yana birni yana ta begen wata Lola: hannayenta, murmushinta, ƙamshin man kwakwa a gashinta. Ni Lola ɗaya na sani, Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwa, sai na yanke hukunci labarin soyayya ne. Ƙamus kuwa masu ƙaramin sani ke buɗe shi.

Lokacin ina neman Binta, mai koyon aikin jinya, wani malamin gona daga Gagarawa kuma yana neman kayar da ni. Shi babur gare shi, ni Turanci. Na kwafe sakin layi biyu, duk inda aka ce Lola na sa Binta, na shafa wa takardar turare, na aika.

Ashe Binta maƙwabciyar Madam ce. Da kalmomin suka yi mata nauyi, can ta kai a warware mata.

Ran Juma'a na sha guga, na isa ƙofar gidan su Binta ina taku kamar wanda ya ci gadon Ingila. Na tarar da ita da ƙawayenta huɗu. Tana ganina ta ranƙwafa, ta dafa ƙugu, ta ce, "Lale da jikana. Ku ba shi tabarma, ni ba ni da haƙoran gaisawa."

Nan aka karanta mini fassarar. Lola a harshen su Madam kaka ce. Na yabi fatar hannun Binta da ta yamutse, da bakinta da ba haƙori ko ɗaya, na kuma rantse ba zan manta yadda take goya ni ba. Dariyar da suka yi, na tabbata an ji ta a Nijar.

Madam ba ta tona ni a aji ba. Ta kira ni gefe, ta ce ita ma tata Lolar take tunawa in ta karanta labarin. Sai ta tambaya, "Kai ba ka da kaka ne?"

Na koma na rubuta labarin kakata Iya Gambo ta Ɗanzomo, da turminta mai tsagi, da yadda take ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Madam ta karanta wa aji, ta liƙa a bango har ƙarshen zango. Binta ta ce wannan kam ba ta nemi tafinta ba. Mai babur ya koma Gagarawa da ƙurarsa.

Yau jikokinmu bakwai, wasiƙar tana nan a adakar Binta. Ta ce saura haƙoran su zube, annabcina ya cika. Ni dai tun daga ranar, rigar aro in zan sa, sai na tambayi shekarun mai ita.