Kwalbar Tafarnuwar Baba Talle

"Lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai ban ga kin riƙo komai ba," in ji Baba Talle, yana leƙen hannun jikarsa Badiyya. "Mace ta taso daga Oshodi har Agege wurin mijinta hannu rabbana?"

"Wane mijin? Ni dai wani tsoho na gani a kan tabarma, na tsaya tambayar hanya."

"To ki wuce, gidan marowata yana gaba."

Ta zauna a gefen tabarmar tana dariya, amma dariyar iyakarta baki. Tun safe mahaifiyarta ta kira ta a waya, ta ce ta tsinci kwalin maganin tsohon a kwandon shara babu ƙwaya ko ɗaya, alhali kwanan nan aka karɓo shi. Ta ce yanzu wata kwalba mai hoton tafarnuwa yake yawo da ita a aljihu. Likita kuwa ta riga ta faɗa musu cewa kitse ya yi masa yawa a jini, in ya yi wasa da magani komai na iya faruwa. Badiyya ta rufe shagon ɗinkinta ta faɗa motar haya ta danfo, sai Agege.

Shi ko gogan naka ko a jikinsa. Ya tsufa yana fawa a abbatuwa, kuma ko da ya ajiye wuƙa, mahautan da ya koya wa sana'a ba su fasa aiko masa da kasonsa na tozo kullum ba. Ga na yau nan a gefensa cikin takarda, maiƙo har ya huda ta.

"Na ji an ce ka zama likita," in ji ta.

"Da can mene ne ni? Na buɗe cikin shanu fiye da yadda likitarku ta buɗe littafi."

"Shanun da ka buɗe, wanne ya tashi ya yi maka godiya?"

"Ba su da tarbiyya ne, irinki." Ya gyara hula. "Ke yarinya, kitse ni za a koya wa? Wuƙa in ta yi maiƙo, ruwan zafi da lemon tsami ake sa mata ta fita fes. Jijiyar mutum ta fi wuƙa taurin kai ne?"

"Sai mu haɗa maka da soso da omo, a wanke ka gaba ɗaya."

"Ki fara da bakinki."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalbar, ya girgiza ta a kusa da kunnenta. "Kin ga wannan? Wurin Nassirou na saya, mutumin Maraɗi. Ya ce wata tsohuwa ta sha, ta yi tsere da okada ta wuce shi."

"Okadar ba mai, ko?"

"Ni da na sha, jiya na ɗaga bujimi da hannu ɗaya."

"Kai da buta ma sai ka yi mata sallama kafin ka ɗaga."

"Baƙin ciki kike, don kin ga ƙuruciya ta dawo mini. 'Yan matan Agege har layi suke yi."

"Layin karɓar tozo ba."

Ta faɗi haka ne idonta a kan takardar naman, kuma a nan wasan ya ƙare mata. Audu ta tuna, abokin tsohon tun suna samari, wanda ya watsar da maganin asibiti bara ya koma wa jiƙe-jiƙe, yanzu yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba a iya rufe shi da zolaya.

"Baba," ta ce. Rabonta da kiransa haka ta manta. "Don Allah ina maganin da na karɓo maka?"

"Au, yau na zama Baba? An sake ni ke nan?"

Ta fizge kwalbar ta miƙe, niyyarta ta juye ta a kwata kowa ya huta.

"Ke, a hankali," in ji shi, har yana yunƙurin tashi.

Ta murɗe murfin ta zazzago a tafin hannu. Sai ga 'yan ƙananan ƙwayoyi farare masu tsaga a tsakiya. Ta san su sarai, ita ta bi layi a asibiti ta karɓo su. Ta sunsuna, ɗan warin tafarnuwar ma na kwalbar ne kawai.

Ta koma ta zauna. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

"Tsohon banza," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Ka sa na rufe shago."

"Dama wa ke kawo miki ɗinki?" Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Mayar mini da su kar wani ya gani. Kin san majalisarmu ta ƙofar masallaci. Shekara da shekaru ina cika baki cewa asibiti ba ta san sunana ba. In mahauta suka ga kwalin likita a hannuna, sai su ce Talle ya tsufa yana tsoron kitse. Tafarnuwa kuwa ko a gaban Sarkin Fawa sai in haɗiya, har a ce mini sannu da ƙoƙari."

"To ina 'ya'yan tafarnuwar?"

"Na gwada su, gyatsa ta hana ni shiga sahu. Na tambayi likita, ta ce tafarnuwa in ci abata a miya, zoɓo ma in sha ba sukari, amma kar in kuskura su sa in bar nata." Ya mayar da kallonsa kan kwalbar. "Na je duba Audu, Badiyya. Hannun da yake feɗe sa kafin a gama gaisawa, yau kofin shayi sai an riƙa masa. Daga nan ban ƙara tsallake rana ba."

Ta mayar da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure murfin da kyau. "Wannan fa?" Ta nuna tozon da haɓa.

"In na mayar wa yaran, sai su ce fushi nake da su. Karɓa nake in sa albarka, in miƙa wa Iya Mariamu ta maƙwabta. Ba ki ga ƙofarta ta fara yi mata kaɗan ba?" Ya tura mata takardar. "Na yau naki ne. Toshi."

"Wato ka ƙi mutuwa, ni kake so ka aika."

"Ke da ba ki da maiƙo ko na shafa wa wuƙa? Ɗauki, kin ci ni yau. Amma bakinki alaikum."

Daidai nan wasu dattawan mahauta biyu suka ɓullo daga lungu za su masallaci, suka tsaya gaisawa. Tsohon ya ɗan daburce, don kwalbar tana hannunta. Badiyya ta duƙa ta gaishe su, sannan ta zura masa ita a aljihu da kanta, ta ɗaga murya yadda za su ji.

"Gaskiya tafarnuwar nan ta karɓe ka, angona. Kar ka yarda ka fasa ko rana ɗaya."

Baba Talle ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗo a kan tabarma.